Ƙattin Ƙarfen Fim ɗin Transformers: Ƙira ce ko Aikin Kwamfuta?

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto cewa ya kalli fim ɗin Transformers na farko, wanda ya fito a 2007, sannan ya bi sauran da suka zo bayansa, kuma abu biyu sun ɗaure masa kai. Yana son sanin ko waɗannan ƙattin mutum-mutumin da ke rikiɗa su koma motoci an ƙera su ne da gaske, ko kuwa duk aikin kwamfuta ne. Yana kuma tambayar dalilin da ya sa na farkon ya fi zauna masa a ido, alhali kwamfutocin da aka yi aiki da su daga baya sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Amsa: Malam, kusan duk wani mutum-mutumi da ka gani yana tafiya, yana magana, yana naushi ko yana rikiɗa a cikin wannan fim, a kwamfuta aka gina shi. Amma motocin na gaske ne, titunan na gaske ne, jiragen yaƙin na rundunar sojin Amurka ne, kuma yawancin wutar da ƙurar da ke tashi an tayar da su ne a gaban kyamara. An dai ƙera Bumblebee, ɗaya daga cikin jaruman mutum-mutumin, guda ɗaya mai cikakken girma, tsawonsa ya haura mita 5, domin a ajiye shi a wurin ɗaukar fim, sai dai shi ba ya tafiya balle ya koma mota. Amsar tambayarka ta biyu tana cikin wannan haɗin ne, tare da wata doka da masu fim ɗin suka ɗora wa kansu a karon farko, suka kuma riƙa sassauta ta daga baya.

Kafin a fahimci dokar, sai an koma inda abin ya samo asali, wato kayan wasan yara. Kamfanin Takara na ƙasar Japan ne ya fara ƙera ƙananan motoci da na'urori masu buɗewa su zama mutum-mutumi, a jerin kayan wasa guda biyu masu suna Diaclone da Micro Change, a farkon shekarun 1980. Kamfanin Hasbro na Amurka ya sayi izinin sayar da su, ya haɗe su wuri guda ƙarƙashin suna ɗaya a 1984, sannan ya nemi marubutan kamfanin Marvel su ƙirƙira masu labari. Daga nan aka sami duniyar Cybertron, da rundunar Autobots ƙarƙashin Optimus Prime, da abokan gabarsu Decepticons ƙarƙashin Megatron. Shirin zane mai motsi na talabijin ya fara a wannan shekarar, kuma babban aikinsa shi ne tallar kayan wasan. Abin lura shi ne cewa abin wasan da ke hannun yaro ba ya iya yin ha'inci: tayar motar sai ta sami inda za ta zauna a ƙafar mutum-mutumin, ƙofar kuma sai ta zama hannu ko fiffike, domin roba da ƙarfe ba sa ɓacewa. Zanen talabijin kuwa bai damu da wannan ba. A cikinsa Megatron, wanda ya fi gida tsawo, yakan rikiɗa ya koma bindigar hannu har wani ya ɗauke shi ya yi harbi da shi, Soundwave kuma yakan koma ƙaramar rakoda mai cin kaset. Yara ba su taɓa tuhumar hakan ba, domin a zane komai yana yiwuwa.

Lokacin da aka ba Michael Bay aikin ba da umarni, Steven Spielberg kuma yana babban furodusa, sai aka yanke shawarar cewa mutum-mutumin ba za su ƙaru ko su ragu ba yayin rikiɗa. Girman jikin da ya tsaya dole ya yi daidai da girman motar da ya fito daga cikinta. Wannan ne ya sa aka sauya wa Optimus Prime mota. A zanen 1984 tirela ce mai shafaffiyar fuska, amma a fim ɗin aka mayar da shi Peterbilt 379 mai dogon hanci, domin a sami isasshen ƙarfen da zai bayar da jiki mai tsawon ƙafa 28, wato kusan mita 8 da rabi. Megatron ya bar zama bindiga ya koma jirgin sama irin na duniyarsu, Starscream ya zama jirgin yaƙi samfurin F-22, Blackout kuma jirgi mai saukar ungulu samfurin MH-53. Tsofaffin masoya labarin sun yi ta ƙorafi, musamman a kan zanen harshen wuta da aka yi wa Optimus da kuma leɓɓan da aka sa masa. Ba kowane sauyi ne dokar ta haifar ba, domin akwai hannun kasuwanci a ciki: Bumblebee, wanda asalinsa Volkswagen ce irin wadda ake kira ƙwaro, ya koma Chevrolet Camaro, kuma kamfanin General Motors ne ya samar da yawancin motocin jaruman, har da Pontiac Solstice da GMC Topkick da Hummer H2. Dokar ma an karya ta a wuri guda, inda ƙaton akwatin nan mai suna AllSpark ya naɗe kansa har ya koma abin da saurayi zai rungume ya gudu da shi. Amma a kan jikin mutum-mutumin an riƙe ta, kuma ita ce ta fara sa ido ya yarda.

Babban nauyin aikin ya faɗa kan kamfanin Industrial Light & Magic, wanda George Lucas ya kafa a 1975, ƙarƙashin jagorancin Scott Farrar, sannan kamfanin Digital Domain ya ɗauki wani kaso. Optimus Prime shi kaɗai an gina shi da sassa 10,108. Kowane sashi sai an zana siffarsa a kwamfuta, an saka masa launi da irin hasken da yake mayarwa, sannan an ɗaure shi da wani ƙwarangwal na cikin manhaja wanda mai motsa hoton zai riƙa ja. Masu aikin sun yi ta ɗaukar hotunan kayan mota na gaske, irin su injin da birki da sifirin da bututun hayaƙi, domin abin da za a gani a ƙirjin ko a gwiwar mutum-mutumin ya zama abin da duk makanike zai gane. Sun kuma ƙara tsatsa, da ƙarcewar fenti, da maiƙon baƙin mai, da ƙura a lunguna. Wannan ƙazantar da gangan aka yi ta, domin kwamfuta idan aka bar ta da halinta komai sumul take fitar da shi, ido kuma ya san cewa babu motar da ta yi tafiya a titi ta kasance haka.

Rikiɗar kanta ba wani maɓalli ba ne da ake dannawa mota ta buɗe. Kowace rikiɗa da ka gani an tsara ta ne da hannu domin wannan fitowar kaɗai, gwargwadon inda kyamara take. Mai aikin yakan fara da abin da mai kallo ya sani, wato taya, ƙofa, fitila, gilashin gaba, ya tabbatar cewa ido zai iya bin su daga inda suke a mota zuwa inda za su zauna a jiki, sannan ya cike tsakani da ɗaruruwan ƙananan ƙarafa masu juyawa. A ɓangaren da kyamara ba ta gani akwai ha'inci mai yawa, inda ƙarfe yake ratsa ƙarfe, wasu sassan kuma suke fitowa daga inda babu wurin ɓoye su. Da za a juya kyamarar zuwa baya da asirin ya tonu. Gwanintar ita ce a ba mai kallo abu uku ko huɗu da zai riƙe, domin muddin ya ga tayar nan ta gangara ta zauna a ƙauri, zai yafe sauran.

Sai maganar haske, wadda a ganina ita ce ta fi kowace wahala. Fatar dabba ko ta mutum tana shanye wani kaso na hasken da ya sauka a kanta ta warwatsa sauran, amma fentin mota da gogaggen ƙarfe madubi ne. Jikin Optimus dole ya nuna sararin sama, da ginin da ke gefensa, da wutar da ta tashi a bayansa, har da sauran sassan jikinsa, kuma duk wannan yana sauyawa da kowane motsi. Saboda haka a duk wurin da aka ɗauki fim, ma'aikata sukan shiga da ƙwallo mai sheƙi da wata mai ruwan toka su tsaya inda mutum-mutumin zai tsaya, sannan su ɗauki hotunan kewayen wurin ta kowace fuska, daga mai duhu sosai zuwa mai haske sosai. Da waɗannan hotunan ake sake gina hasken wurin a cikin kwamfuta, ta yadda ranar da ta haska fuskar ɗan wasa Shia LaBeouf ita ce za ta haska kafaɗar Bumblebee. Lissafin yana da tsada ƙwarai. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma hotunan da suka fi wahala a wannan fim sun ci har awa 38 kowane ɗaya kafin kwamfuta ta kammala su. Idan aka lissafa, daƙiƙa guda ta irin wannan za ta ci kwana 38 a kan na'ura ɗaya, shi ya sa ake raba aikin ga ɗimbin kwamfutoci masu aiki dare da rana. Wannan tsadar ta yi wa fim ɗin alheri ta wata fuska, domin ta tilasta a yi tsimin fitowar mutum-mutumin. Mai kallo yakan daɗe yana jiran su, kuma Optimus Prime bai bayyana ba sai da labari ya yi nisa.

Abin da aka ɗauka da kyamara shi ne ƙashin bayan sauran. Ma'aikatar tsaron Amurka ta ba da haɗin kai, aka yi aiki a sansanin sojin sama na Holloman da filin gwajin makamai na White Sands a jihar New Mexico, wanda ya tsaya a matsayin hamadar Katar da fim ɗin ya buɗe da ita, aka kuma yi aiki a madatsar ruwa ta Hoover da tsakiyar birnin Los Angeles. A fitowar da kunamar ƙarfen nan Scorponok take bin sojoji, an binne abubuwan fashewa ne a cikin yashi aka riƙa tayar da su a bayan 'yan wasan, don haka gudun da suke yi da firgicin da ke fuskarsu ba duka ne wasa ba. A kan babbar hanya kuma, inda mutum-mutumi mai suna Bonecrusher ya ratsa ta tsakiyar bas, bas ɗin gaske aka shirya aka tsaga shi gida biyu da wuta, daga baya aka saka mutum-mutumin a tsakiya. Amfanin wannan shi ne cewa hayaƙi da tarkace da girgizar kyamara sun riga sun zo da nauyinsu na gaskiya, aikin kwamfuta kawai shi ne ya daidaita kansa da su. Su kuwa 'yan wasan, dogon sanda ake ɗaga masu da alama a samansa domin su san inda za su kalla. Bay yakan ajiye kyamara ƙasa-ƙasa, daidai tsayin mutum ko ƙasa da haka, ya bar turken lantarki ko gada ko mota ta shiga tsakanin mai kallo da ƙaton, wani lokaci ma kan mutum-mutumin ya fice daga hoton. Da haka ƙwaƙwalwa take samun ma'auni.

Akwai kuma lissafin lokaci, wanda mutane da yawa ba su san suna yi ba alhali idonsu yana yin sa. Abin da ya faɗo daga tsayin mutum yakan isa ƙasa cikin kusan rabin daƙiƙa da ɗoriya, amma wanda ya faɗo daga tsayin kan Optimus sai ya ci daƙiƙa ɗaya da kusan sulusi. Idan ƙato mai mita 8 ya faɗi cikin rabin daƙiƙa, nan take ido zai ce wannan abin wasa ne. Matsalar ita ce mai ba da umarnin yana son ƙattinsa su yi faɗa da zafin nama, su yi tsalle su yi alkafura, nauyi kuma yana neman a tafi a hankali. Masu motsa hoton sun sasanta ta hanyar barin hannu ya tafi da sauri amma gangar jiki ta biyo baya a makare, ƙananan sassa su ci gaba da kaɗawa bayan babban ya tsaya, ƙafa kuma ta farfasa kwalta duk inda ta sauka. Yawan rage gudun hoto da ake yi a tsakiyar faɗa ma yana taimakawa a nan.

Rabin nauyin kuma a kunne yake. Ƙarar ƙarfe, da kukan injin, da gurnanin da ke fitowa daga manyan lasifikokin sinima su ne ke gaya wa jiki cewa abu mai nauyin tan da yawa ya taka ƙasa. An dawo da Peter Cullen, wanda ya yi muryar Optimus tun 1984, aka ba Hugo Weaving muryar Megatron. Fim ɗin ya shiga takarar lambar yabo ta Oscar a fanni 3, biyu na sauti ɗaya na dabarun hoto, kodayake bai ci ko ɗaya ba. Duk wanda ya kalle shi a waya, a kwafin da aka matse domin ya yi sauƙin turawa, ya rasa yawancin wannan, domin ƙaramar lasifika ba ta fitar da sauti mai kauri, matsewar kuma takan dame ƙananan sassan ƙarfen su zama tabo guda. Yana da kyau a san da wane irin kwafi aka yi hukunci.

Yanzu ga dalilin da ya sa waɗanda suka biyo baya ba su zauna maka ba. Fim ɗin farko an kashe masa kusan dala miliyan 150, ya kuma dawo da sama da miliyan 700, saboda haka aka buɗe bakin jaka. A na 2009, wanda yajin aikin marubutan Hollywood na 2007 zuwa 2008 ya shafi rubutunsa, an gina ƙaton mutum-mutumi mai suna Devastator da sassa sama da 52,000, aka ɗora shi a kan dalar Giza ta Masar. Ta fuskar fasaha abin a yaba ne, amma ido ba ya ƙirga sassa, siffa yake nema. Idan mutum-mutumi biyu masu launin toka, kowanne da dubban ƙarafa masu sheƙi, suka rungumi juna suna birgima, kyamara tana kusa tana kuma girgiza, mai tace fim yana yankawa kafin a gane wane ne a sama, abin da ya rage wa mai kallo shi ne tarin ƙarfe mai motsi. A fim ɗin farko ma akwai wannan aibin a faɗan ƙarshe, sai dai jaruman kaɗan ne kuma kowanne da launinsa. Na 2011, wanda aka yi yaƙinsa a birnin Chicago, ya ɗan gyara, kuma a ganina tsarin hoto mai zurfi da ake kallo da tabarau ne ya tilasta hakan, domin shi ba ya jure yanka da sauri, dole a bar kowace fitowa ta ɗan daɗe.

Inda aka yi watsi da dokar gaba ɗaya shi ne fim ɗin 2014. A can an kawo mutum-mutumin da 'yan Adam suka ƙera, waɗanda ba sa buɗewa gaɓa-gaɓa, sai dai su tarwatse su zama ƙananan ƙwayoyi masu yawo a iska, sannan su sake haɗuwa a wata siffa. Babu tayar da za a bi da ido, babu ƙofar da za ta zama kafaɗa, don haka babu abin da zai sa a ji cewa inji ne. Kasuwa ba ta hukunta su nan take ba, domin na 2011 da na 2014 kowanne ya haura dala biliyan 1, kuma na 2014 ya fi samun kuɗi a ƙasar Sin fiye da Amurka. Sai a 2017 aka ga faɗuwar, inda kuɗin ya sauko zuwa kusan miliyan 600. Fim ɗin Bumblebee na 2018, wanda Travis Knight ya ba da umarni, ya koma ga siffofi masu sauƙi da launuka bayyanannu, ya mayar da jarumin motarsa ta asali, ya kuma ja kyamara baya domin a ga faɗa daga farko zuwa ƙarshe. Knight ya fito ne daga fannin motsa 'yan tsana hoto bayan hoto, inda ake koyon cewa dole a gane hali daga tsayuwar jiki. Bai kai sauran kuɗi ba, amma masu sharhi sun fi yaba masa.

Game da ko za a iya ƙera irinsu a zahiri, babban cikas ɗin lissafi ne da masanin kimiyya Galileo ya bayyana tun 1638. Idan aka ninka tsawon jiki sau 5, girman fuskar ƙafar da ke ɗauke da shi, idan aka yanka ta a gicciye, yana ninkuwa sau 25 ne, nauyin kuwa sau 125, saboda haka kowane yanki na ƙafar zai ɗauki ninki 5 na abin da yake ɗauka a da, tun ma kafin a yi maganar tsalle ko naushi. Ga kuma matsalar inda za a ajiye makamashin da zai motsa wannan nauyin da sauri. An dai gwada. A Turkiyya wani kamfani ya nuna motar BMW a 2016 mai miƙewa ta fitar da kai da hannuwa, amma ba ta taka ko'ina. A Japan an nuna J-deite RIDE a 2018, mai tsawon kusan mita 4, wanda yake ɗaukar mutum 2 kuma yake komawa mota cikin kimanin minti 1, sai dai tafiyarsa da ƙafa jan jiki ce kawai. Mutum-mutumin Gundam mai mita 18 da aka kafa a Yokohama daga 2020 zuwa 2024 yana ɗaga ƙafa yana durƙusawa, amma wani ƙaton ƙarfe ne ke riƙe da shi ta ƙugu daga baya, ƙafafunsa ba su ne ke ɗauke da nauyinsa ba.